Tambaya da Amsa: Tim ɗin makarantarmu sai shan kashi yake, mu sa hannu a kori koci?

Assalamu alaikum masu karatu. Saƙonnin wannan makon yawancinsu kukan Wikki ne da Gombe United kamar yadda aka saba, amma akwai guda ɗaya da sai da na ajiye kofin shayi na sake karanta shi, don tunda na fara wannan fili ba a taɓa turo min tambaya kan wasan besbol ba, balle kuma besbol na 'yan jami'a a Amurka, kuma wai daga nan cikin Bauchi. Toh da shi za mu fara.

TAMBAYA: Malam barka da aiki, ya iyali. Ni ɗan Bauchi ne ina zaune a Fadaman Mada, na yi digiri na biyu a wata jami'a can arewacin Amurka inda ƙanƙara ke rufe ƙofar gida. A can ne abokin ɗakina ya ja ni kallon besbol, da farko dariya nake musu in ce mutum ya tsaya da sanda yana jira kamar mai gadin gona, amma kafin in gama karatu wallahi na kamu har jesi na saya. Yanzu shekara 5 da dawowata kuma har yau ina bin su ta waya, wasan da suke yi da yamma mu nan sha biyun dare ta wuce, in sa data in zauna a tsakar gida, madam har ta gaji da yi min magana. Damuwata ita ce shekara 4 kenan ba abin da muke yi sai shan kashi, yaran da suka fi iya wasa duk ƙarshen shekara sai su tattara su koma wasu makarantu, 'yan kallo sun watse kana hango kujeru wayam. Yanzu a guruf ɗinmu na tsofaffin ɗalibai a Facebook an kawo takarda wai kowa ya sa hannu a kori koci, wasu kuma na raɗe-raɗin makarantar ma so take ta rufe wasan gaba ɗaya. Ni kuma mutumin nan na san shi, mutumin kirki ne, ya taɓa ba ni hula da hannunshi. In sa hannu ko kar in sa?
Daga wani mai karatu, Fadaman Mada, Bauchi.

AMSA: Ƙanena, kafin komai ka gaida min madam, ka ce mata na ji kukanta kuma tana da gaskiya. Mutum ya hana idonsa barci, ya ƙona data, don kawai ya ga ana lallasa tim ɗinsa a wata nahiya, ai sai addu'a. Amma ba zan yi maka dariya da yawa ba, don ni ma na sha zama a filin wasa na Abubakar Tafawa Balewa rana na dukana ana yi mana irin abin da ake yi muku, in dawo gida in kasa cin tuwo.

Bari in ɗan tsaya saboda sauran masu karatu, don na san wasu tuni sun ɓace. Besbol tim biyu ne, kowanne mutum 9. Ɗaya na jifa da tsaron fili, ɗaya na bugu. Mai jifa yana tsaye ƙafa 60 da inci 6 daga mai bugu, ya wurgo wata ƙwallo mai tauri da ba ta fi girman lemo ba, gwanayensu sukan wurga ta da gudun da ya wuce kilomita 145 a awa. In mai bugu ya same ta da sanda sai ya ruga yana bin tashoshi uku, ƙafa 90 tsakanin kowace da kowace, in ya zagayo ya dawo inda ya tashi an ci maki ɗaya, kusan kamar ruwa a wasan langa da ke neman ya kai ya sha. In aka fitar da mutum 3 sai a yi musanya, masu bugu su koma tsaro. Haka za a yi ta yi har zagaye 9, babu zancen minti 90. Iyakar abin kenan, sauran duk ƙawa ce.

Toh ƙanena, amsata ita ce kar ka sa hannu tukuna, kuma ba don hular da ya ba ka ba.

Kai da bakinka ka ce makarantar a arewa take. Kakar besbol ta jami'o'i tsakiyar watan Fabrairu take farawa, lokacin da yaran Filorida da Luwiziyana ke atisaye a waje da 'yar shimi, ku kuma filinku na kwance ƙarƙashin ƙanƙara. Shi ya sa makarantun arewa ke kwashe makonnin farko suna yawo a kudu, duk wasanninsu a gidan wasu, atisaye kuma a cikin ɗaki. Yanzu ka ɗauki yaro ɗan shekara 17 da Allah ya ba hannun jifa, an ajiye masa takardar makarantarku da ta wata a kudu inda dubban mutane ke cika fili duk daren Juma'a, ina kake gani zai nufa? Ka duba gasar ƙarshe da ake yi a garin Omaha na jihar Nebraska tun 1950, makarantu 64 ke shiga zagayen neman gurbi, 8 ne kawai ke isa Omaha. Daga 2019 zuwa 2025 duk wanda ya ɗaga kofin nan daga kudu yake: Vanderbilt a 2019, 2020 korona ta hana, Mississippi State a 2021, Ole Miss (wato Jami'ar Mississippi) a 2022, LSU ta Luwiziyana a 2023, Tennessee a 2024, LSU ta sake a 2025. Michigan ta yi ƙoƙari ta kai wasan ƙarshe a 2019 amma Vanderbilt ta tare ta. In kana neman ranar da Ohio State, maƙwabtan Michigan a yankin sanyi, suka ɗaga kofin sai ka koma 1966. Wannan ba kocinku ne ya jawo shi ba, kuma wanda za a kawo ma ba zai narkar da ƙanƙara ba.

Sai maganar kuɗi, wadda ita ce ainihin ciwon. Shekara da shekaru dokar NCAA, hukumar da ke kula da wasannin jami'o'in Amurka, ta ce sukolashif 11.7 kawai makaranta za ta iya bayarwa a besbol, a yayyanka shi a raba wa yara har 27, wani ya samu rabi wani kwata. Dokar ta matse kowa, amma ko ba komai ta hana masu kuɗi kwashe duk yaran kirki. A 2025 aka sauya tsarin, makarantar da ta shiga sabon tsari za ta riƙe yara 34 kuma in aljihunta zai ɗauka ta biya wa dukkansu. Ka ga wanda yake da shi ya ƙara nisa, wanda ba shi da shi an bar shi a tasha. Kuma a yawancin jami'o'in can besbol ba ya mayar da kuɗin da ake kashe masa, ƙwallon Amurka mai hular kwano da kwando ne ke ciyar da sauran wasanni.

Yaran da ka ce suna gudu kuwa, da can in ɗan besbol na manyan makarantu ya canza makaranta sai ya zauna shekara guda bai buga ba, wannan ya sa mutum ke tunani sau biyu. A 2018 aka buɗe wata rijista a intanet inda yaro zai sa sunansa kowane koci a ƙasar ya gani, a 2021 aka cire zaman shekarar, kuma a shekarar dai aka halatta musu karɓar kuɗin talla da sunansu. Tun daga nan ƙananan makarantu suka koma kamar mai kiwon rago, ka yi ta ba shi dusa da harawa wata da watanni, ana gobe sallah wani ya zo da mota ya kwance. Wanda bai gudu ba kuma in ya yi fice, da ya gama shekara ta 3 manyan kulob na ƙwararru na iya ɗauke shi. Tim ɗin makaranta ba kamar Wikki ba ne da za ka riƙe gola ɗaya shekara takwas, ruwan kogi ne, wanda ka gani bana ba shi za ka gani baɗi ba.

Amma fa kar ka ɗauka wanke kocin nake yi. Akwai kocin da ya kamata a sallama, kuma akwai hanyar gane shi, tunda kai kana kallon wasannin ba sakamako kawai kake dubawa ba kamar rabin 'yan guruf ɗinku. Ka ɗauki yaran da suka zauna shekara 3 a hannunsa, yadda suka zo haka suke ko sun ƙaru? In yaro ya zo da jifa a karkace ya shekara uku yana jifa a karkace, wannan aikin koci ne ba sanyi ba. Ka duba yadda ake cin ku. In ana fin ku ƙarfi ne, mai jifan wancan ɓangaren ya fi naku gudu, toh kuɗi ne suka yi magana. In kuma ku ke kashe kanku, mai jifa na ta ba da tasha kyauta saboda ya kasa saita ƙwallo, masu tsaro na zubar da ƙwallon da yaro ɗan firamare zai cafe, ana gudu inda bai kamata a gudu ba, wannan sakaci ne a wurin atisaye. Sannan su wa ke tafiya? In taurari ne kawai ke tafiya inda aka fi biya, ba abin mamaki. In har 'yan benci ma na gudu zuwa makarantun da ba su kai ku ba, akwai abin da ke faruwa a ɗakin canza kaya, ruwa ba ya tsami banza. Ka kuma tambaya ko masu jifanku lafiyarsu ƙalau, don a ƙarshen mako wasa uku ake yi a jere, Juma'a, Asabar, Lahadi, kowanne da mai jifan da zai fara shi, in biyu suka samu ciwon gwiwar hannu irin wanda ake yi wa tiyata, shekara guda ko fiye suke jinya, kakar ta tafi kenan ko waye koci.

Ga labari biyu daga jiha ɗaya. A 2022 magoya bayan Ole Miss sun yi ta ihu a kori Mike Bianco, mutumin da ke riƙe da tim ɗin tun 2001, don ana tsakiyar kaka sun ci wasa 7 an ci su 14 a rukuninsu. Da ƙyar suka samu gurbi cikin 64 ɗin nan, a ƙarshen watan Yuni su ne suka ɗaga kofi, na farko a tarihinsu. Maƙwabtansu kuma Mississippi State, Chris Lemonis ya ciyo musu kofi a 2021, shekara ta zagayo suka ƙare a ƙasan tebur, aka yi ta haƙuri, a watan Afrilun 2025 aka sallame shi. Ban kawo su don in ce haƙuri ya fi ko kora ta fi ba, sai don ka ga cewa masu ihun ba su fi ka sanin gobe ba.

Abin da ya fi tsaya min a rai a saƙonka ma ba kocin ba ne, raɗe-raɗin rufewar nan ne, don abu ne da ke faruwa da gaske. Jami'ar Wisconsin ta rufe nata besbol a 1991, Iowa State a 2001, kuma ba su dawo da shi ba. Jami'ar Kalifoniya da ke Berkeley ma ta sanar a 2010 cewa za ta rufe, tsofaffin ɗalibai da magoya baya suka tashi suka tara alkawarin kusan dala miliyan 9, a watan Afrilun 2011 aka janye maganar, kuma a wannan shekarar yaran da aka ce musu su nemi wata makaranta suka kai har Omaha. Toh ka ga hukumar makarantar da ke neman hujjar rufe wasa, in ta ga takarda daga tsofaffin ɗalibai cike da zagi ba ko sisi a ciki, kun sauƙaƙa mata aiki ne. An bar jaki ana dukan taiki.

Da ni ne kai, zan rubuta a guruf ɗin in ce a canza takardar, a tura wa daraktan wasanni na makarantar tambayoyi: sukolashif nawa kuke bayarwa a besbol yanzu, nawa abokan karawarmu ke bayarwa, mataimakan koci nawa ake biya, akwai wurin atisaye na cikin ɗaki ko aro ake yi, kuma maganar rufewa gaskiya ce? In amsa ta nuna an ba mutumin nan kayan aiki daidai da na tsaransa kuma ya kasa, sa hannu ka ajiye hular a matsayin tsaraba. Za a zage ka a guruf ɗin, wannan kam ka shirya.

TAMBAYA: Salam Malam. Ni ɗalibi ne a wata babbar makaranta a nan Gombe, ina aji uku. Tim ɗinmu na ƙwallon ƙafa ya mutu murus, duk inda muka je a wasan farko ake koro mu, har 'yan unguwa sun raina mu. Duk shekara muna biyan kuɗin wasanni cikin kuɗin rijista amma ƙwallo biyu ne a sito ɗaya ma ta fashe, jesi kuwa tun na yayyenmu ne, ranar tafiya wasa sai an yi karo-karo a sa wa bas mai. Kocin ma malami ne da aka ɗora wa, sai ana saura sati ɗaya gasa zai kira atisaye. Mun yanke shawara mu fito mu tona asiri a Facebook, me ka gani?
Daga ɗalibi, Tudun Wada, Gombe.

AMSA: Ɗana, ciwonku da na ɗan'uwanka na sama ɗaya ne, bambancin kawai su dala suke lissafi ku kuma man bas. Amma maganar Facebook ɗin nan ku dakata. Kuna da takarda a hannu da ta nuna nawa aka tara da inda aka kai? In babu, zargi ne kawai, kuma kana aji uku, kwamitin ladabtarwa ba ya tambayar ko ƙwallon ta fashe da gaske. Kuna da daraktan wasanni a ƙungiyar ɗalibai da ku kuka zaɓe shi, ku sa shi ya rubuta wa shugaban sashen harkokin ɗalibai a hukumance, a buga hatimin karɓa a kwafinku, kuna neman a faɗa muku abin da aka ware wa wasanni bana. Sau da yawa za ka tarar kuɗin na shiga babban asusu ne, ba mai fitar da su sai an rubuta an nema, kuma ba wanda ya taɓa rubutawa.

Kocin kuma ku yi masa adalci. Malami ne mai lacca da makin takardu, an ɗora masa ƙwallo ba alawus, kuma gasar da zai shirya dominta ma ba ta da tabbas. Gasar wasannin jami'o'in Najeriya, wato NUGA, da aka fara tun 1966 a Ibadan, bayan wadda aka yi a Makurɗi a 2017 ba a sake ba sai 2022 a Legas, wato akwai ɗaliban da suka shiga jami'a suka fita ba su ga ko ɗaya ba. Ga yajin aiki, na ASUU a 2022 kaɗai wata 8 ya ci. Waye zai riƙe tim a haka? Shi ya sa duk makarantar da ta jira gasar waje kafin ta tara yara, fafe gora take yi ranar tafiya.

Abin da ke hannunku ba ya buƙatar izinin kowa sosai. Ku tayar da gasar sashe-sashe duk zango, a nan za ku ga yaran aji ɗaya da suka buga wa unguwanninsu a Kumo ko Billiri ko Kaltungo suka shigo makaranta ba wanda ya san sun iya. Kuma don Allah ku bar su su buga, don cutar tim ɗin makaranta a wurinmu ita ce 'yan ajin ƙarshe su mamaye duk gurabe saboda girma, su gama su tafi rana ɗaya a wayi gari ba kowa. Ku tsayar da atisaye sau biyu a sati ko koci ya zo ko bai zo ba, kyaftin ya riƙe rijista. Su 'yan unguwar da suka raina ku, ku nemi wasan sada zumunci da su duk bayan sati biyu, Bolari, Jekadafari, Pantami, kuɗin Keke ne kawai, za su ci ku sau uku sau huɗu kafin ku fara ramawa. Jesi kuwa ku nemo tsofaffin 'yan wasan makarantar, akwai su a banki da sakatariya da kasuwa, mutum ɗaya zai iya saya muku saiti guda in kun je masa da lissafi a rubuce ba da baki ba. Jihar da ta wayi gari a 2024 Gombe United da Doma United duk sun faɗo daga babban lig a kaka ɗaya, ai tana buƙatar inda za a riƙa reno sababbin yara.

Af, na kusa mantawa, ƙanena na Fadaman Mada ya ƙara da tambaya a ƙasan saƙonsa, wai zai yiwu ya koya wa yaran unguwarsu besbol? Na gaske dai da wuya, sanda da safar hannu da hular kariya duk sai an yo oda, wasan ma a Najeriya ya fi zama a wajen Ilorin da Legas, duk da an buga shi a gasar Afirka ta Abuja a 2003. Amma akwai ƙaninsa da ake kira Baseball5, mutum 5 kowane ɓangare, ba sanda ba safar hannu ba mai jifa, ƙwallon roba ce kawai mutum ya buga da hannunsa ya ruga, tashoshi mita 13 tsakani, zagaye 5. Har gasar duniya an fara yi masa a 2022 a Meziko, Kuba ta ɗauka. Filin firamare ya ishe ka, ka shata tashoshin da toka, ka fara bayan la'asar ka sallame su kafin magariba kar iyaye su biyo ka.